Guntuwar Akinyele

Masu iya magana kan ce, saniya maras wutsiya Allah ke kore mata ƙuda. Mun daɗe muna jin wannan karin magana, mun kuma sha kawo shi a aji a matsayin misalin tawakkalin Bahaushe, amma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu yadda aka yi saniyar ta rasa wutsiyar ba. Yanke mata aka yi, ko kuwa haka aka haife ta? Wannan tambaya ba ta zo mana ba sai a daminar 2023, a wata rumfar hatsi da ke daura da karar shanu ta Akinyele, arewa da birnin Ibadan wanda iyayenmu ke kira Badun. Kuma ba saniya ce ta jawo tambayar ba, kyanwa ce.

Abin da ya kai mu can shi ne tattara waƙoƙin baka da zantukan hikima na Hausawan kurmi. Ga wanda bai san Badun ba, Sabo ita ce tsohuwar unguwar Hausawa, tana kusa da Mokola, an kuma kafa ta a 1916 domin fataken goro da na shanu. To, amma zango ba ya tsayawa wuri guda. Inda duk kasuwa ta matsa, nan yake bin ta. Da haka Hausawa suka bazu zuwa Ojoo da Shasha da Moniya da Akinyele, duk a kan hanyar da ta nufi Oyo. A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha, aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje na Hausawa da na Yarbawa. Dattijon da ya karɓe mu yana cikin waɗanda gobarar ta cinye wa rumfa. Haifaffen Sabo ne, kakansa ne ya zo daga ƙasar Katsina tun zamanin da ake koro shanu da ƙafa. Baba muke ce masa, shi kuma ya kira mu Malam.

Muna zaune a kan benci muna shan shayi sai muka hango ta kwance bisa buhunan gero, launinta toka-toka da ratsin baƙi, ta lumshe ido irin kwanciyar nan da ta sa ake yi wa mage kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai. Da ta miƙe ta diro ƙasa muka ga abin da ya sa muka ajiye kofi. Babu wutsiya, ko alamarta babu. Inda ya kamata wutsiya ta fito wani ɗan lotsi ne kawai da gashi ya rufe. Ƙugunta ya ɗara kafaɗunta tsawo, idan kuma ta ɗaga ƙafa da sauri sai ka rantse zomo ne. Guntuwa ake kiran ta.

Kafin la'asar mun ji bayani har iri uku a kan wutsiyar Guntuwa. Wani ɗan dako ya ce wutar Shasha ce ta cinye ta. Mai shayi ya ce sam, wani boka ne ya yanke ya haɗa laya, domin ya ji ana yin haka. Wata mata mai sayar da abinci kuwa ta rage murya ta ce mayya ce ta rikiɗa, aka kama ta cikin dare aka datse mata bindi domin a gane ta da rana. Wannan zance na uku ya fi sauran yaɗuwa tsakanin Hausawa da Yarbawa baki ɗaya, shi ne kuma ya sa yara ke jifan ta duk sa'ad da ta gifta. Da muka kawo wa Baba waɗannan bayanai sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, duk tatsuniya ce. A gabana aka haife ta cikin kwandon albasa, tun muna Shasha. Haka ta fito. Uwarta ma ɗan dungu gare ta, bai fi yatsa ba."

Wannan magana ta Baba ita ta sa, bayan mun koma gida, muka shiga binciken kyanwoyi marasa wutsiya. Bincike kuwa bai yi nisa ba sai da ya kai mu wani ɗan tsibiri da ake kira Tsibirin Man, a tsakiyar tekun da ke tsakanin Ingila da Ailan. Faɗinsa duka murabba'in kilomita 572 ne, mutanensa kuma a ƙidayar 2021 ba su fi 84,000 da 'yan kai ba, wato wata unguwa ta Badun ma ta fi shi jama'a. Amma a wannan ɗan wuri ne aka sami jinsin kyanwa maras wutsiya da ya fi kowane suna a duniya, wanda ake kira Manks. Mutanen tsibirin suna alfahari da ita har sun buga hotonta a kan tsabar kuɗinsu da kan sarkinsu.

Abin da ya fara ɗaukar hankalinmu, a matsayinmu na masu nazarin adabi, shi ne su ma can suna da nasu tatsuniyoyin, kuma ƙirarsu ɗaya da na kasuwar Akinyele. Wata ta ce kyanwar ta tsaya farautar ɓera ne har ta makara shiga jirgin Annabi Nuhu, tana kutsawa ƙofa ta rufe ta datse mata wutsiya. Wata ta ce daga wani jirgin yaƙin Sifen da ya nutse a 1588 kyanwoyin suka yi iyo zuwa gaɓa, alhali masana tarihi ba su sami shaidar nutsewar irin wannan jirgi a wurin ba. Wata ta ce iyaye mata ne ke cije wutsiyar 'ya'yansu domin kada mayaƙa su yanke su yi wa kwalkwalinsu ado. Akwai kuma masu cewa barbarar kyanwa da zomo ce, abin da ba ya yiwuwa ko kusa, tun da ƙullin ƙwayoyin gado na kyanwa 38 ne, na zomo kuwa 44. Mai karatu zai lura cewa kusan dukkan waɗannan labarai, na can da na nan, sun haɗu a kan abu ɗaya: wai dole ne a ce akwai wata rana da aka yi asara, akwai wuƙa ko wuta ko ƙofa. Zuciyar ɗan Adam ba ta saurin yarda cewa halitta za ta iya zuwa duniya ba tare da abin da muka saba gani ba, ta kuma zama cikakkiya a hakan.

Gaskiyar lamarin ta fi tatsuniyoyin sauƙi, ta kuma fi su ban mamaki. Dukkan kyanwoyin gida daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya suka samo asali. Rumbun hatsi ya tara ɓeraye, ɓeraye suka jawo kyanwa, daga nan ta bi ɗan Adam a ƙasa da cikin jiragen ruwa har ta kai tsibiran Turai. Ke nan ita ma Manks baƙuwa ce a inda ake ganin ta 'yar gida. A wani lokaci, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, aka sami wani ɗan sauyi a ƙwayar gadon wata kyanwa a tsibirin, a daidai ƙwayar da ke tsara ƙashin baya tun ɗan tayi yana ciki. Masana sun gano ainihin wannan ƙwaya a 2013. Wutsiya dai ci gaban ƙashin baya ce, gaɓoɓi wajen 20 ne a jere, saboda haka idan tsarin ya tsaya da wuri sai wutsiyar ta gajarta ko ta ɓace. Sauyin mai rinjaye ne, wato ko daga ɗaya cikin iyaye aka gada yakan bayyana. Da a babbar ƙasa abin ya faru, da ya narke cikin dubban kyanwoyi. Amma tsibiri ruwa ya kewaye shi, kyanwoyin kaɗan ne, junansu suke bi, sai siffar ta yi ta yawaita har ta zama tambarin wurin.

Irin wannan sauyi ba Tsibirin Man kaɗai ya keɓanta da shi ba. Tun a 1868 Charles Darwin ya ambaci kyanwoyi masu gajeriyar wutsiya mai ƙulli a ƙasashen Malay da Siyam da Bama, Japan ma tana da nata jinsin mai wutsiya kamar tuntu, wanda wata ƙwaya ce dabam ta haifar da shi. Don haka Guntuwa ba ta buƙatar kaka Bature kafin ta zama yadda take. 'Yar kasuwa ce, jikar 'yan kasuwa, Allah ne ya nufa a gidansu abin ya faɗo.

Ta fuskar siffa, komai na Manks a dunƙule yake: kai zagayayye, kumatu cike, baya gajere mai ɗan doro, ƙugu mulmulalle. Ƙafafun baya sun fi na gaba tsawo da ƙarfi, wannan ne ya ba ta tafiyar zomo da iya tsalle. Gashinta ninki biyu ne, na ciki mai laushi da na waje mai kauri, daidai da sanyin tsibirin da iskarsa. Akwai kuma mai dogon gashi da wasu ke ware wa suna dabam. Masu kiwo sun kasa su kashi huɗu. Akwai wadda ba ta da komai sai lotsi, akwai mai ɗan tudun ƙashi da ba a gani sai an shafa, akwai mai dungu, akwai kuma mai wutsiya kusan cikakkiya. Dukkan huɗun suna iya fitowa daga ciki ɗaya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake kai ta gasar nuna kyanwoyi a Ingila, tana kuma cikin jinsunan farko da babbar ƙungiyar masu kiwon kyanwa ta Amurka ta amince da su bayan kafa ta a 1906.

Halinta kuwa shi ya fi jan hankalin waɗanda suka zauna da ita. An san ta da iya farauta, shi ya sa manoma da matuƙa jiragen ruwa suka daɗe suna neman ta. Ba ta da yawan kuka. Takan zaɓi mutum ɗaya ko gida ɗaya ta liƙe, ta riƙa bin mai ita daga ɗaki zuwa ɗaki kamar kare, tana kuma ɗari-ɗari da baƙo har sai ta gama auna shi. Duk wannan mun gan shi da idonmu a wurin Guntuwa. Kwana uku muka yi kafin ta yarda ta shinshina hannunmu. Idan Baba ya tashi zuwa masallaci sai ta bi shi har bakin ƙofa, ta zauna kusa da takalmansa, ba ta shiga ba ta kuma tafiya. Ya ce tun da ta girma ɓera bai huda masa buhu ba. Ya kuma ba mu labarin cewa da ƙura ta lafa a Shasha, kowa ya koma yana tonon abin da ya rage na dukiyarsa, shi bai tarar da komai ba sai ita, zaune a kan tokar rumfarsa tana jiran sa. A kwando ya sa ta, ya hau acaɓa da ita zuwa Akinyele. Da masu jifa suka matsa mata, shi ne ya tara yaran ya tuna musu da matar nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ya kuma tambaye su ko sun san ma'anar laƙabin Abu Huraira.

Akwai wani abu guda da rashin wutsiya ke jawo wa mai kyanwa. Sauran kyanwoyi da wutsiya suke magana: idan ta miƙe sama gaisuwa ce, idan tana kaɗawa da ƙarfi fushi ne, idan ta kumbura tsoro ne. Wanda yake zaune da guntuwa dole ya koyi karanta kunne da ido da yanayin tsayuwa. Ba ta rasa abin faɗa ba, mai saurare ne aikinsa ya ƙaru. Wannan darasi mun so a ce mun koye shi kafin ranar da za mu ba da labarinta yanzu.

Baba yana da jika, yaro ɗan shekara 15, wanda ya riƙa yi mana jagora yana riƙe mana na'urar ɗaukar magana. Yaro ne mai kaifin basira, amma Hausarsa irin ta 'yan zango ce. Yakan tsarma kalmomin Yarbanci, ba ya kuma bambanta namiji da mace a lamiri. Wata rana da safe ya zo da murna ya ce mana, "Malam, Guntuwa ya kama gafiya!" Maimakon mu taya shi murna sai halin aji ya motsa. Muka ce, "Ta kama ake cewa." Ba mu tsaya nan ba, muka ƙara da abin da muka ɗauka raha ce: "Kai ma Hausar taka kamar kyanwar take, ba wutsiya." Yaron bai ce uffan ba. Ya ajiye na'urar a kan benci a hankali, ya fita.

Baba ya daɗe yana auna gero bai ɗago ba. Can ya ce, "Malam, yaron nan idan na kai shi Katsina sai a ce masa Bayarabe. Nan kuma Gambari ake ce masa. Kai ma da muke ganin ka zo daga gida, ka zo ka ƙara masa. Ka san ranar wutar nan waye ya fitar da mu? Shi ne. Da bakinsa na Yarbanci ya yi magana da maƙwabciyarmu, ta ɓoye mu a ɗakinta har gari ya waye. Ni tawa Hausar mai wutsiya ba ta tsinana mini komai ba a ranar." Ba mu sami abin cewa ba. Mun ba yaron haƙuri da yamma, ya ce ba komai, amma mun san ba-komai ɗin da ke da komai a ciki.

Sai daga baya, muna cikin karatun nan a kan Manks, muka ci karo da abin da ya sa maganar Baba ta dawo mana sabuwa. Kowace kyanwa kwafi biyu take gada na kowace ƙwaya, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ɗan tayin da ya gaji ƙwayar rashin wutsiya daga ɓangarorin biyu ba ya rayuwa, a ciki yake mutuwa. Idan aka haɗa guntu da guntuwa, kusan ɗaya cikin huɗu na cikin haka yake salwanta, shi ya sa 'ya'yansu ba su da yawa. Daga cikin waɗanda aka haifa ma, wasu kan zo da lalurar laka, su kasa riƙe fitsari da bayan gida ko su riƙa jan ƙafafun baya, abin da yakan bayyana a watannin farko. Saboda haka masu kiwo na kirki sukan riƙe 'yan kyanwar har wata huɗu kafin su bayar, sukan kuma sa masu wutsiya cikin haɗin, wasu likitocin dabbobi ma suna ganin bai kamata a riƙa kiwon siffar da gangan ba. Abin lura a nan shi ne, babu Manks tsantsa mai rai. Duk guntuwar Manks da ka gani tana tafiya a doron ƙasa, tana ɗauke da ƙwayar wutsiya a jikinta, kuma wannan ƙwayar ce ta raya ta.

Mutum ba kyanwa ba ne, harshe kuma ba a jini ake gadonsa ba, saboda haka ba za mu ja kwatancen fiye da ƙarfinsa ba. Amma zango ma wani irin tsibiri ne. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a kanta a 1969, ya nuna yadda Hausawan unguwar suka riƙe harshensu da tufafinsu da ɗariƙarsu ta Tijjaniyya da ƙarfi, domin da wannan keɓewa suke kare cinikin goro da na shanu. Keɓewa takan adana abu, takan kuma haifar da siffa ta musamman, kamar yadda ta yi a Tsibirin Man. Sai dai tsibirin da babu jirgin da ke zuwa gare shi ba ya daɗewa. Fataken da suka kafa Sabo da Yarbawa suka yi ciniki, a ƙasarsu suka zauna, wasu ma daga cikinsu suka yi aure. Hausar jikan Baba 'yar wannan zama ce. Ba wanda ya yanke mata komai. Haka aka haife ta, a kwandon albasa, tsakanin harsuna biyu, kuma tana kama gafiya.

Tsibirin Man yana da wani labarin da ya dace mu malaman harshe mu sani. Mutum na ƙarshe da ya tashi da harshen tsibirin a matsayin harshen uwa, Ned Maddrell, ya rasu a 1974. A 2009 hukumar UNESCO ta sa harshen cikin matattu, sai yaran wata makarantar firamare da ake karantarwa da shi tun 2001 suka rubuta mata wasiƙu da harshen da aka ce ya mutu, ta kuwa gyara matsayinta. Babu shakka maganar waɗannan yara ba irin ta kakanninsu ba ce sak. Da malamansu sun tsaya yi musu gorin wutsiya, da ba a sami mai rubuta wasiƙar ba. Ba muna cewa a daina koyar da daidaitacciyar Hausa ba ne, ai sana'armu ke nan, kuma yaron da ya iya ta ya ƙara wa kansa ƙofa. Abin da muke cewa shi ne, gyara dabam, gori dabam, kuma wajibi ne malami ya san bambancin abin da aka rasa da abin da aka gada kafin ya buɗe baki.

Wajen wata biyar bayan dawowarmu, saƙo ya shigo wayarmu da dare daga jikan Baba, shi ne na farko tun rabuwarmu. Hoto ne na wani kwali a bayan buhunan gero, da rubutu a ƙarƙashinsa: "Malam, Guntuwa ya haihu." Yatsanmu ya nufi gyara bisa sabo, muka janye shi. Muka rubuta masa barka, muka tambaye shi nawa ta haifa, nawa ne kuma masu wutsiya. Ya ce huɗu ne: biyu da wutsiya irin ta muzurun mai shayi, ɗaya da dungu irin na kakarsu, ɗaya kuma babu komai kamar uwar. Ya ƙara da cewa Baba ya ce a tambaye mu wanne za a ajiye mana. Muka ce a bar su duka su sha nono tukuna har wata huɗu, in Allah ya kai mu za mu zo da kanmu, shi kuma zai zaɓar mana.